Sun haɗa mana randar kufai a kwamfuta, amma sai da muka yi gardama a kan ƙofa

Shekara 22 ke nan ina koyar da tarihi a sakandaren garinmu, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in tsaya gaban allo ina ba yara labarin mutum-mutumin Nok da kwalekwalen Dufuna, alhali kufan kakanninsu yana nan bayan makaranta, tafiyar da ba ta kai ta minti 20 ba. Yaro zai haddace maka cewa a 1987 wani makiyayi ya ci karo da kwalekwale yana haƙar rijiya a jihar Yobe ta yanzu, tsawonsa mita 8.4, shekarunsa wajen 8,000. Amma ka tambaye shi tudun ƙasar nan da yake hawa in ya kai awaki kiwo, sai ya ce maka tudu ne kawai. Bai san ganuwa ba ce.

Daminar bara, ruwan tsakiyar Agusta ya zaftare bakin kwazazzabon da ya ratsa kufan, sai ga tsingaro a zube kamar an watsa. Yaran ajina suka tsinto a leda suka kawo mini. Na yi musu godiya, na kuma hana su ƙara taɓa komai, domin tsingaro in ya bar inda yake kwance rabin labarinsa ya tafi. Na sanar da jami'in gidan tarihi mafi kusa da mu, ya zo ya duba, ya rubuta, ya ja mini kunne cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa ta hana kowa tono ba da izini ba, ta kuma hana cinikin irin waɗannan kaya. Abin da ruwa ya riga ya fito da shi muka lissafa a gabansa, guda 63, aka ba kowane lamba, ya bar su a ajiyar makaranta bisa amana.

Wannan rubutu a kan mutanen da muka ɗauka su yi mana aiki a kan waɗannan tsingaro ne, da kuma kangon ƙofar gabas ta tsohuwar ganuwa. Matasa uku ne masu ɗan ɗakin aiki a Zariya: ɗaya ya karanta zanen gine-gine, shi ne shugabansu, ɗaya mai ɗaukar hoto ne, ta ukun kuwa budurwa ce da ta karanta ilimin tono kayan tarihi. Yawancin abincinsu daga masu gina gidaje yake fitowa, suna zana musu yadda gida zai kasance kafin a sa tubali. Aikin kayan tarihi sabo ne a wajensu. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin akwai inda suka ɓata mini rai kuma zan faɗe shi, ba na kuwa son in zama sanadin toshe wa yaran kirki hanyar abinci.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta biya. Mun yi ciniki a kan naira 240,000, mu ɗauki nauyin motarsu da masauki da abinci na kwana 3. Alkawarin shi ne su ɗauki siffar tsingaron a kwamfuta, irin wadda ake juyawa a kalli kowane gefe, su gwada haɗa abin da zai haɗu, su ɗauki siffar kangon ƙofar yadda yake a yau, sannan su sake gina ta a kwamfuta yadda ake kyautata zaton take a da. Aka ce mako 4.

Na ɗauka zan ga wata na'ura mai girma. Abin da suka sauke daga mota kyamara ce ɗaya da ƙafarta uku, da wani faifan katako mai juyawa kamar na masu sayar da agogo, da farin ƙyalle, da rula, da wata doguwar gora. A ɗakin karatu na makaranta suka shimfiɗa kayansu kusa da taga, suka rataya ƙyallen don ya tausasa hasken rana. Mai hoton ya ce mini babban abokin gabarsu inuwa mai kaifi ce da abu mai ƙyalli, shi ya sa tsingaro ya fi musu kwalba ko tasa sauƙi, fatarsa garas-garas ce, manhaja na samun abin kamawa. Sai ya ɗora guda ɗaya a kan faifan, ya jingina shi da ɗan curin laka, ya ajiye rula a gefe don kwamfuta ta san ainihin girmansa. Ya ɗauka, ya ɗan juya faifan, ya ɗauka, har ya zagayo. Ya ɗaga kyamara sama kaɗan ya sake zagayowa. Ya kife tsingaron ya maimaita. Na ƙirga wa guda ɗaya hoto 84. Sharaɗin shi ne kowane hoto ya ƙunshi fiye da rabin abin da ke cikin na bayansa, don manhajar ta gane ɗigo ɗaya a hotuna da yawa, daga nan ta lissafo inda kyamara take tsaye a kowane ɗauka, da nisan kowane ɗigo. Sunan aikin a wajensu fotogirametiri, ni kuwa na fassara wa yara shi da awo da hotuna.

Manhajar da suke amfani da ita Agisoft Metashape ce, wadda a lokacin ƙaramin lasisinta dala 179 ne, babban kuwa dala 3,499. Haɗa gutsattsari da gina abin da babu shi kuma a Blender suke yi, wadda kyauta ce. Da daddare, bayan an tada janareta, na zauna kusa da su ina kallo. Da farko wasu ɗige-ɗige ne suka bayyana a baƙin allo kamar an watsa gero a duhu. Can suka yi kauri, sai aka ja musu raga, sai aka lulluɓe ragar da launin da aka ɗebo daga hotunan. Ga tsingaro mai lamba 17 yana shawagi a allo, da jan bakinsa da baƙin tabon wuta a gefe, har da ɗan farin dutsen da ya maƙale a cikin yumɓun tun ranar da aka cuɗa shi. Na ɗauko na gasken na riƙe a hannun hagu ina juya na kwamfuta da dama. Ban sami inda suka saɓa ba. Muka auna faɗinsa da rula, muka auna a allo, bambancin bai kai milimita ɗaya ba.

A nan ne budurwar ta nuna cewa ba a banza ta yi karatunta ba, kuma in za ka ɗauki irin waɗannan mutane, ka tabbata akwai irinta a cikinsu. Kafin ma a kunna kwamfuta ta baje tsingaron a tabarma ta kasa su kashi-kashi, ta kaurin jiki, da launin cikin karaya, da irin adon da ke bayansu. Ta ce daga cikin 63 ɗin, 19 na abu ɗaya ne. Sauran na tukwane daban-daban ne, akwai ma gutsuren lofe guda biyu da ɗan kashin maƙera da yara suka haɗa da su. Daga cikin 19 ɗin, 5 na baki ne. Ta nuna mini yadda lanƙwasar gutsuren baki ke faɗa maka faɗin bakin tukunya duka, tun da ɓangaren da'ira ne: in ka san lanƙwasar ka san da'irar. Ya fito santimita 31. Daga nan ta bi gangaren wuya zuwa kafaɗa zuwa ciki da gutsattsarin da bakin karayarsu ya dace da juna, ta zana layin gefe ɗaya, aka juya layin a kwamfuta ya zagaye kansa, sai ga randa.

Ba zan manta da abin da ta yi da adon kafaɗar randar ba. A ido wasu ƙananan ramuka ne a jere da ƙasa ta cike. Sai ta cire launin gaba ɗaya a allo, siffar ta koma toka-toka, ta jawo hasken kwamfuta ya kwanta ta gefe kamar hasken la'asar a jikin bango. Ramukan suka fito raɗau, layi-layi.

“Malam, ka san abin da aka mirgina a nan?”

Na ce igiya ce da aka murɗa, don ita na saba gani a littafi.

“A'a, Malam, duba dai. Totuwar masara ce.”

Ta ce wannan kaɗai ya ba mu iyaka. Masara daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai bayan 1500, taba ma haka, ita ma daga can ta zo, don haka lofen ma shaida ne. Ke nan randar nan ba ta kai shekarun da wasu dattawanmu ke ɗora wa kufan ba. Amma ta yi saurin ƙarawa da cewa wannan hukunci a kan abin da ruwa ya fito da shi daga sama ne kawai, abin da ke ƙasa sai an yi tono na ilimi da izini, a samo gawayi a kai awon kimiyya. Na ji daɗin wannan taka-tsantsan ɗin fiye da yadda na ji daɗin hoton. Washegari na sa yara suka kawo totuwa da ɗanyen yumɓu daga wajen masu ginin tukwane na unguwar yamma, muka mirgina, muka ɗora kusa da allo. Iri ɗaya sak.

Gindin randar ba mu da shi ko gutsure ɗaya. Ta bar shi da launin toka mai shara-shara, ta ce mai yiwuwa kewayayye ne irin na randunan da ake girkewa a ƙasa, amma zato ne. Duk inda tsingaro na gaske yake an bar shi da launinsa, duk inda aka cike giɓi toka ne. Da ka kalla ka san wajen kashi ɗaya cikin uku ne a hannunmu. A wannan ɓangare na aikin ba ni da ƙorafi ko kaɗan, kuma da a nan kaɗai aka tsaya da na ce kuɗin ya biya.

Ƙofa ce ta haɗa mu.

Abin da ya rage na ƙofar gabas gini biyu ne na tubali suna fuskantar juna. Na dama ya fi mutum tsawo sosai, na hagu ruwa ya cinye shi ya koma daidai ƙugu. Tsakaninsu hanyar shanu ce yanzu. Ba su zo da jirgin nan maras matuƙi ba, suka ce tashi da shi sai da izinin hukuma, kuma ba su son abin da zai tada hankalin mutane a irin wannan lokaci. Goran nan suka ɗaura wa kyamara a kai suna ɗagawa, mai hoton na latsawa daga wayarsa. Sun jira sai da gari ya yi lumshi da sassafe, suka kafa ƴan alamomi a ƙasa suka auna tsakaninsu da tef, suka zagaye kangon sau uku. Hoto 600 da ɗoriya. Siffar kangon yadda yake ta fito da kyau matuƙa. Ana ganin tubalan a jere, masu faɗin gindi da tsinin kai, da tsagar da ta taso daga ƙasa a ginin dama, da ramin gara. Ko don wannan kaɗai na gode musu, domin ba ni da tabbacin ginin dama zai ga damina uku nan gaba. Shugaban nasu ya ba ni misali da majami'ar Notre-Dame ta Faris, wadda wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna da hasken leza tun kafin gobarar 2019, awon ya zama abin dubawa ga masu gyara. Namu na laka ne, ba na dutse ba, kuma gobararmu damina ce, kowace shekara tana zuwa.

Mako 4 ya wuce shiru. Na shida ma haka. In na kira sai a ce kwamfuta na aiki, ko wuta ce babu, ko wani mai gida ya matsa musu. Na yarda akwai gaskiya a ciki, amma da sun kira ni da kansu sau ɗaya da ban ji zafi haka ba, domin ni ma ina da mutanen da suka ba da kuɗinsu suna tambayata. A mako na tara aka turo mini bidiyo.

Bidiyon ya yi kyau, kyan da har ya ruɗe ni a kallon farko. Ƙofa ce doguwa da bakan gizo a samanta, da zankwaye huɗu, da zanen dagi a goshi, bango sumul ja-ja-wur, ga itatuwan dabino a gefe, ga mahaya da rawuna suna shiga. Na kalla sau uku ina murna. A na huɗu jikina ya yi sanyi, don na tambayi kaina daga ina aka samo waɗannan zankwayen.

Na ɗauki wayar na tafi wajen wani tsohon magini a garinmu, wanda kowa ke kira Baba. Ya haura 80, gadon gini ya yi, kuma yana yaro ya ga ƙofar da rufinta kafin ya rufta. Na zauna a bakin tabarmarsa na miƙa masa. Ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo, ya mayar mini.

“Ɗana, wannan ƙofar wane gari ce?”

Na ce, “Baba, tamu ce, ta gabas.”

“Tamu ba ta da baka. Azara aka shimfiɗa mata, a miƙe. In raƙumi ya zo da kaya sai an sauke. Kuma wa ya ga dabino a nan? Kuka ce a wajen, ga kututturenta can har gobe.”

Ya ce azara ba ta wuce kamu huɗu ba tare da an tallafe ta ba, shi ya sa aka fito da ƴan guntaye daga bango ta kowane gefe aka ɗora dogayen a kansu. Ya ce bangon ba sumul yake ba, yaɓen hannu ne da sawun yatsu, ana sabunta shi bayan kaka in mai gari ya kira gayya, kuma makuba saman kaɗai ake shafa wa. Ƙyauren katako ne da aka ɗaɗɗaure da ƙarfe, ɗan'uwan waɗanda ke ajiye a Gidan Makama a Kano amma bai kai su girma ba.

Na kira shugaban nasu a daren. Na tambaye shi inda ya samo bakan gizon. Bai ɓoye ba, ya ce ya duba hotunan ƙofofin Kano da na Zariya da ginin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya yi a ƙarni na 19, ya ɗauko abin da ya ga ya dace da ginin Hausa. Ya ce masu ba su aiki sun fi son abu mai ɗaukar ido. Na ce masa ƙaramin gari ba fadar sarki ba ne, kuma yaran da zan nuna wa wannan bidiyo ba za su ɗauke shi a matsayin zato ba. Abin da yaro ya gani a allo yana motsi ya fi abin da malam ya faɗa masa ƙarfi sau goma. In na nuna musu wannan, na shafe musu ƙofar kakanninsu na dasa musu ta wasu, kuma bayan Baba babu mai gyara musu. Muryata ta ɗan hau, na sani. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi magana da abokan aikinsa.

Budurwar ce ta kira ni da safe. Ashe ba a nuna mata bidiyon ba kafin a turo, tana can wani aikin. Ta ba ni haƙuri, ta ce abin da nake faɗa ba sabon ƙorafi ba ne, masu wannan sana'a a duniya sun daɗe da rubuta shi. Ta ambaci Yarjejeniyar Landan ta 2009 a kan nuna kayan tarihi da kwamfuta, da Ƙa'idojin birnin Seville na ƙasar Sifen da suka biyo baya, waɗanda duka suka tsaya a kan cewa dole mai kallo ya iya bambance abin da aka gani aka auna da abin da aka yi hasashe, kuma a rubuta hujjar kowane hasashe. Ta ce za su sake, ba ƙarin ko kwabo.

Suka dawo su biyu, a kuɗin motarsu. Muka ɗauki Baba a babur zuwa kangon. Kafin su zo ta koma kan siffar ginin dama ta yi mata abin da ta yi wa randa, ta cire launi ta kwantar da haske, sai ga wasu ramuka bakwai a jere can sama, waɗanda daga ƙasa ba ka ganinsu saboda yaɓen da ya zubo ya rufe rabinsu. Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta ta nuna masa.

“Baba, waɗannan fa?”

Ya kalli allo, ya ɗaga kai ya kalli bangon, ya ɗaga sandarsa ya nuna.

“Gurbin azara ne, ƴata. Ba na faɗa muku ba?”

Tsayinsu daga ƙasar yau mita 2 da santimita 40, ta kuma ce a ƙara abin da ƙasa ta cike a tsawon shekaru. Ta zauna da shi fiye da awa biyu da littafinta, tana tambaya yana amsawa, inda ya ce bai tuna ba ta rubuta bai tuna ba. Bai tuna ko akwai ɗakin mai gadi a gefen hagu ba. Bai tuna yawan indararo ba.

Aiki na biyu ya zo bayan mako 3, kuma shi ne nake amfani da shi. Launi uku ne. Abin da ke tsaye a yau yana da launinsa na gaskiya. Abin da aka gina bisa gurbin azara da shaidar Baba ruwan ƙasa ne mai haske. Abin da aka ɗauko daga kwatancen wasu garuruwa, kamar tsayin saman bango, toka ne, kuma ana iya kashe shi da latsawa ɗaya. Babu mahaya, babu dabino. Sun haɗo da takarda shafi 4 da ta bi kowane ɓangare ta faɗi dalilinsa. Bai kai na farko ƙawa ba, wasu daga cikin tsofaffin ɗalibai ma sun ce na farkon ya fi burge su, na ce musu ba za a nuna shi a makarantar da nake koyarwa ba.

Akwai wasu abubuwa da zan so duk mai niyyar ɗaukar irin wannan aiki ya sani tun kafin ya ba da kafin alƙalami. Fayilolin da suka fara ba mu a filash sun yi wa kwamfutar makaranta nauyi, in ka buɗe ƙofar sai komai ya sandare. Sai da na sake roƙo suka yi mana masu sauƙi da ke buɗewa ko a waya. Ka nemi iri biyun tun farko, mai nauyi don ajiya, mara nauyi don aji. Ka kuma nemi ainihin hotunan da aka ɗauka, duka, domin manhaja na canzawa, amma in hotunan na hannunka wani zai iya sake aikin bayan shekara 10. Mu sai da muka tuna musu sau biyu. Sannan a rubuta a takarda wane ne mai siffar. Sun so su ɗora aikin a shafin intanet na Sketchfab, inda manyan gidajen tarihi irin na Birtaniya ke ɗora nasu, don su tallata kansu. Ban ƙi ba, amma na kafa sharaɗin a cire sunan garin da duk wata alamar wuri da kyamara ko waya ke liƙa wa hoto. Wanda ya san abin da masu haƙon sata suka yi wa wuraren Nok, da na yankunan Katsina da Sakkwato, da na Bura a Nijar, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000, ba zai tallata kufansa a intanet da adireshi ba. Shi ya sa a nan ma ban faɗi sunan garinmu ba. Sun fahimta nan take.

Wani abokin aikina ya ce ai da waya ma ana yi, me ya sa muka kashe kuɗi. Akwai gaskiya a maganarsa. Akwai manhajojin waya irin su Polycam da Scaniverse, akwai Meshroom ta kyauta in kwamfutarka na da katin hoto na NVIDIA, kuma a 2024 kamfanin Epic Games ya sakar wa ɗalibai da ƙananan masu sana'a manhajar RealityCapture kyauta. Mai hoton ma, Allah ya saka masa, ya zauna da yara shida ya koya musu zagaya turmi da waya, kuma turmin ya fito. Don ajiye siffar abu yadda yake, malami mai haƙuri da waya mai kyau zai yi abin kirki. Amma waya ba za ta kasa maka tsingaro 63 ta ce 19 na randa ɗaya ne ba, ba za ta gane totuwar masara ba, ba kuma za ta zauna awa biyu a gindin bango tana sauraron tsoho ba. Kuɗinmu a nan ya tafi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Zan sake ɗaukarsu? Zan sake, akwai rijiyoyin rini guda tara a arewacin kufan da ƙasa ke binnewa, su nake hari in ƙungiya ta yarda. Amma wannan karon zan rubuta a takardar ciniki cewa babu abin da zai fito daga ɗakinsu sai mai ilimin tono ta gani ta sa hannu, kuma launi uku ɗin nan sharaɗi ne, ba alfarma ba. Zan kuma ninka duk lokacin da suka faɗa mini kafin in sanar da masu kuɗi.

Ranar da muka nuna wa ɗalibai, mun aro majigi muka haska a bangon ɗakin taro, muka sa wa Baba kujera a gaba. Aka fara da randa, yara suna ihu duk sanda wani ya gane tsingaron da shi ya tsinto. Da aka zo kan ƙofa na kashe tokar, na bar abin da ke tsaye da abin da Baba ya shaida. Wata yarinya ƴar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce gefen hagu fa, me ya sa aka bar shi fayau. Na ce ba mu san abin da ke wurin ba. Ta ce kakarta ta wajen uwa a unguwar gabas aka haife ta, kuma tana yawan zancen wani mai gadi da ke ba su goruba a bakin ƙofa suna yara. Na rubuta sunan unguwar a bayan rajista. Ranar Asabar za mu je ni da ita da ƙanin mahaifiyarta, da littafi da wayar ɗaukar murya.